Yadda ake zaɓen siffar ƙasan jirgin ruwa mai gudu idan da hannunka zaka haɗa shi

Yawancin masu son haɗa ƙaramin jirgin ruwa mai inji da kansu tambayarsu ta farko ita ce inji mai doki nawa za su ɗora. Toh inji kam siyansa ake, ko yaushe zaka iya canzawa, amma ƙasan jirgi in ka riga ka manne shi da gam shikenan ya zauna, kuma shi ne zai nuna ko jirgin zai bi umarninka a kan gudu ko kuma zai dinga yi maka gardama. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, idan jirgi ya ɗau gudu sosai gabansa tashi yake daga ruwa, ɓangaren baya ne kawai ke taɓa ruwan, wani lokacin ma bai kai rabin tsawon jirgin ba. Wannan ɗan wurin shi ke ɗauke da kai da inji da komai, dan haka a nan zamu fi daɗewa.

Zan yi misali da jirgi mai tsawon mita 4.8 na filawud da faiba, inji mai doki 40 irin wanda ake ratayawa a baya, saboda shi ne girman da ɗan koyo zai iya gamawa ba tare da ya gaji ya watsar ba.

Kayan da zaka tanada

Na zane da lissafi: babbar takarda, fensir, rula, ma'aunin kusurwa, kwali mai ɗan kauri, almakashi, salatef da kalkuleta (ta waya ma ta isa). In kana da kwamfuta akwai manhajar DELFTship, tana da ta kyauta, amma ba dole bace.

Na awo a jikin aiki: tef na awo, lebur, igiya siririya mai ƙarfi, sikeli irin na awon nauyin mutum, sai kuma miƙaƙƙen ƙarfe ko alminiyom mai tsawon mita 2 wanda ka tabbatar bai lanƙwashe ba. Wannan ƙarfen dan Allah kar ka raina shi, ya fi duk sauran kayan amfani a wannan aikin.

Na gini: filawud na ruwa, mai tambarin BS 1088 in ka samu, kaurin milimita 9 zuwa 12 na ƙasa, 6 zuwa 9 na gefe, 18 guda biyu a manne na allon baya (allon ƙarshen jirgi da ake rataya inji a kai). Gam ɗin ifoksi, yadin faiba, garin katako mai laushi na kwaɓa gam, wayar ɗinki (da ita ake ɗaure fallayen filawud da juna kafin a sa gam), zarto, samfefa, safar hannu da takunkumi. In ba ka samu filawud na ruwa ba, nemi na waje wanda aka manne da gam mai jure ruwa, ka yanki ɗan guntu ka tafasa shi na 'yan awanni, ka shanya ya bushe ka sake tafasawa. In ya fara ɓarewa falle-falle ka bar shi. Ka kuma duba bakin yankan, in akwai ramuka a tsakiyar fallayen bai dace da ƙasan jirgi mai gudu ba. Rezin ɗin foliyesta ya fi sauƙin samu amma baya kama katako kamar ifoksi, ni ba na sa shi a ƙasa.

1. Ka fara sanin ruwan da zaka shiga da nauyin da zaka ɗauka

Kafin ka ja layi ko ɗaya a takarda, zauna ka rubuta abu uku: ruwan kwance ne ko mai raƙuma, mutum nawa zasu hau a yawancin lokuta, kuma wane gudu kake nema. Ka rubuta abin da zaka yi da shi kullum, ba abin da zaka yi sau ɗaya a shekara ba.

Sannan ka tara nauyi. A misalinmu gangar jirgi kilo 220, inji wajen 100, mutum biyu 160, tankin fetur mai lita 25 wajen kilo 22, batir 18, jimla 520. Jirgi irin namu mai layin ruwa (tsawon gangar a daidai fuskar ruwa) mita 4.2 in yana tafe cikin ruwa yana ture shi, iyakar gudunsa bai wuce kilomita 9 a awa ba ko da ka ƙara masa wuta, sai dai ya tono rami da gindinsa ya ɗaga hanci. Sai ya samu ƙarfin da zai fita daga ramin nan ya hau saman ruwa sannan gudu ke zuwa.

Akwai tsohon lissafin George Crouch, wani mai zanen jiragen ruwa, da ke ba da ƙiyasin gudu. Ka mai da nauyi zuwa fam (kilo sau 2.2), ka raba da ƙarfin doki, ka nemo tushen murabba'in amsar, sai ka raba 150 da shi. Namu 520 sau 2.2 ya ba da 1144, a raba da 40 ya zama 28.6, tushensa 5.35, 150 a raba da shi ya ba da not 28, wato wajen kilomita 52 a awa. Ƙiyasi ne kawai, amma kaga ya nuna maka nauyi shi ke cinye gudu. Kuma ƙarfin bugun ruwa a ƙasan jirgi baya tafiya daidai da gudu, in ka ninka gudu sau biyu bugun sau huɗu yake ninkuwa.

2. Zaɓi zurfin V na ƙasa

In ka tsaya a bayan jirgi ka kalli allon baya zaka ga ƙasan ko dai shimfiɗe yake ko kuma ya yi siffar harafin V. Kusurwar da ke tsakanin shimfiɗar ruwa da gefe ɗaya na V ɗin ita muke magana, kuma a allon baya ake auna ta.

Shimfiɗaɗɗen ƙasa, digiri 0 zuwa 5: yana hawa ruwa da wuri da ƙaramin inji, yana tsayawa daram in an tsaya, ga sauƙin haɗawa. Amma a ruwa mai ɗan motsi duka yake kamar zai kakkarya maka baya, kuma a kwana baya kwantawa ciki, zamewa yake ta gefe, in gefen waje ya caki wata igiyar ruwa ana cikin zamewar nan zai iya kifewa nan take.

V mai zurfi, digiri 20 zuwa 24: wannan Ray Hunt ne ya fito da shi fili. Jirgin da ya zana wa Dick Bertram mai suna Moppie, ƙafa 31, digiri 24 har baya, shi ya ci tseren Mayami ta Amurka zuwa Nasau ta Bahamas a 1960 cikin ruwa mai tsananin hauka, daga nan kowa ya koma V mai zurfi a jiragen teku. Yana yanka ruwa da laushi, yana kwantawa cikin kwana da kyau. Sai dai yana cin ƙarfin inji da fetur, yana jinkirin hawa ruwa, in an tsaya kuma yana rangaji, sannan a ƙaramin jirgi mara nauyi gefunansa ba sa ma taɓa ruwa sai ya dinga kwanciya gefe ɗaya. Jirgin Hunt babba ne mai nauyi, naka ba haka yake ba, kar ka kwafi lambar kawai.

Ni abin da nake ba ɗan koyo shawara shi ne tsaka-tsaki, digiri 12 zuwa 16 a baya. In ruwanka kwance ne koyaushe ka sauko 10 ko 12, in yana da motsi ka hau 16, ko 18 in injinka na da ƙarfi. A misalinmu na ɗauki 14.

In baka da ma'aunin kusurwa ga hanya. A ce daga tsakiyar ƙasa zuwa kaifin gefe (inda ƙasa ya haɗu da bango) santimita 70 ne a kwance, toh tashin gefen sama da tsakiya zai zama santimita 12.3 a digiri 10, 17.5 a digiri 14, 25.5 a digiri 20, 31 a digiri 24. Tef da lebur sun gama maka aiki.

3. Rabin baya: kusurwa ɗaya, layi miƙaƙƙe

Nan ne zuciyar aikin. Daga allon baya zuwa wajen tsakiyar jirgi ka bar kusurwar V ɗin ta zama ɗaya, ko in zata ƙaru to kaɗan-kaɗan, digiri 2 ko 3. Wasu zanen suna murɗa ƙasan, baya ya kusa shimfiɗewa tsakiya kuma ya yi zurfi sosai, irin wannan yana da daɗi a matsakaicin gudu amma in gudu ya yi yawa murɗin yana danna hanci ƙasa. Tunda gudu kake nema ka bar shi bai ɗaya.

Sai babban sharaɗi, duk layin da ka ja daga baya zuwa gaba a wannan ɓangaren dole ya miƙe sak. Ka tuna yadda tafin hannu ke yi in ka fitar da shi ta tagar mota tana gudu, ɗan karkatawa kaɗan sai iska ta wurga shi sama ko ta danna shi ƙasa, toh ruwa ya fi iska nauyi sau wajen 800, dan haka lanƙwasar da idonka ma baya gani ruwa yana jin ta.

Kuskure iri biyu ake yi. Na farko lotsawa, wato ƙasan ya ɗan shige ciki gab da allon baya sai bakin ƙarshe ya zama kamar ƙugiya. Wannan yana ɗaga gindi ya danna hanci, kana ƙara wuta yana ƙara dannawa, har hancin ya kama ruwa ya fizge jirgin gefe. In kuma lotsawar a gefe ɗaya take jirgin zai dinga tafiya a karkace. Na biyu doro, ƙasan ya kumburo waje, baya ya ɗan tashi sama. Shi kuma yana tsotso gindin ƙasa, hanci ya tashi ya faɗo ya tashi ya faɗo, jirgin na ta gyaɗa kai ba tsayawa.

Yadda nake dubawa: jirgin na kife, in ɗora ƙarfen nan mai mita 2 a tsaye da kaifinsa daga bakin allon baya zuwa gaba, in sa tocila a bayansa in duƙa in leƙa. In haske ya ɓullo ta tsakiya lotsawa ce, in ƙarfen yana lilo doro ne. Ina yin haka a layi huɗu ko biyar kowane gefe, ina zagaye wurin da fensir. Ratar da ta kai milimita 2 ko 3 a mita na ƙarshe ban yarda da ita ba, sai na cike da kwaɓin ifoksi na goge da dogon katako mai samfefa a manne. Kar ka goge da ɗan guntun samfefa a tafin hannu, ramuka zaka ƙara. Kuma ka duba sau uku, bayan ɗinki kafin gam, bayan faiba, da kuma kafin fenti, saboda kafin gam ya kama gyaran na minti biyar ne da sassauta waya, bayan ya kama kuwa aikin kwanaki ne.

Teburin da kake gini a kai shi ma ka daidaita shi da lebur ka ɗaure shi kar ya motsa, in ya murɗe jirgin ma a murɗe zai fito. Ka ja igiya a tsakiya daga hanci zuwa baya, ka auna daga hanci zuwa kowace kusurwar allon baya, dole awon biyu su zo ɗaya.

4. Hanci

Daga tsakiya zuwa gaba V ɗin ya dinga ƙara tsini dan ya yanka ruwa. Amma kar ƙashin tsakiya, wato layin da gefe biyu na V suka haɗu, ya nutse ƙasa a gaba, ka bar shi ya fara tashi a hankali tun daga wajen kashi biyu cikin uku na tsawon. Hanci mai zurfi da kaifi yana da kyau a ido, amma ranar da ka gangaro daga kan igiyar ruwa ya soke cikin ta gaba, shi zai zama sitiyari, gindin ya zagayo, mutane su zube.

Filawud ta gefe ɗaya kawai yake lanƙwasuwa a lokaci guda, baya yarda a tanƙwara shi ta ko'ina. Dan haka ka yanka zanenka a kwali, kashi 1 cikin 10 na girman gaske, ka haɗa da salatef. Inda kwali ya ƙi kwanciya ko ya tattare, filawud ma ƙi zai yi. In kaurin 12 ya ƙi lanƙwasuwa a gaba, yi amfani da falle biyu na milimita 6 ka manne su a kan jirgin.

5. Kaifin gefe da faɗi

Inda ƙasa ya haɗu da bango, wurin ya zama mai kaifi, kar ka mulmule shi. Ruwa yana bin abu mai santsin kwana ya hau bango ya riƙe jirgi, a kaifi kuwa sakinsa yake. Ni ina ƙara masa ɗan shimfiɗaɗɗen baki mai faɗin santimita 4 zuwa 6, a kwance ko ya ɗan kalli ƙasa da kamar digiri 5. Yana mai da feshin ruwa ƙasa kar ya jiƙa ku, yana taimakon hawa ruwa, yana kuma rage rangaji. In ka cika faɗinsa ko ka cika karkata shi ƙasa duka zai dawo, kuma a kwana jirgin zai ƙi kwantawa ciki.

A baya, kaifin nan ya kasance yana taɓa ruwa ko ya ɗan nutse in jirgin na tsaye da kayansa. Faɗi tsakanin kaifi da kaifi a misalinmu mita 1.4 ne a baya. Kar ka tsuke bayan sosai dan kwalliya, nan ne inji ke zaune kuma nan ne ke ɗaukar nauyi.

Ga wata dabara da mutane ke mantawa: yadin faiba baya kwanciya a kan kaifi, iska ke shiga ƙarƙashinsa. Sai ka fara mulmule bakin kamar kaurin fensir, ka shimfiɗa faiba, bayan ya bushe ka dawo da kaifin da kwaɓin ifoksi ta hanyar jingina katako mai salatef a gefen ka cike. Haka zaka yi wa bakin ƙasa na allon baya ma, shi kam dole ya yi kaifi sosai dan ruwa ya rabu da jirgin tsaf.

6. Zirin ƙasa, da abubuwan da zaka bari tukuna

Zirin ƙasa su ne 'yan dogayen katakai masu kusurwa uku da ake mannawa a ƙasa daga gaba zuwa baya, fuskarsu ta ƙasa a kwance. A V mai digiri 14 ɗaya ko biyu kowane gefe sun isa. Na ciki, wanda ke kusa da tsakiya, ka tsayar da shi kamar mita ɗaya kafin allon baya dan kar ya turo wa farfela ruwa mai kumfa. Su zama daidai da juna a gefe biyu, in ɗaya ya fi ɗaya tsawo ko ya karkace zaka ji shi a sitiyari. In kana shakka ka fara gwada jirgin ba su, ƙarawa daga baya ba wuya.

In ƙasanka shimfiɗaɗɗe ne ko V ɗin bai kai digiri 10 ba, sa masa ɗan siririn ƙashi a tsakiya dan rage zamewa a kwana, amma ya ƙare kamar rabin mita kafin baya, ka kuma fiƙe ƙarshensa.

Akwai abubuwan da zaka gani a jiragen tsere: shimfiɗaɗɗen faifai a tsakiyar V wanda jirgin ke hawa kansa, matakala da ake yankawa a ƙasa dan iska ta shiga, da jirgi mai ƙafa biyu da rami a tsakiya. Duk suna ƙara gudu da gaske. Amma mai faifai yana buƙatar gwanin direba da zai dinga daidaita shi, mai matakala in ba a lissafa wurinta daidai ba yana juyawa kamar an fizge shi a kwana, mai rami kuma iska na iya shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi ya kifa ta baya. Jirginka na farko ba wurin gwada su bane, ran mutane ne a ciki.

7. Allon baya da girman inji

Allon baya ya jingina baya da digiri 12 zuwa 15, ina sa 13 ko 14. In ka miƙar da shi tsaye ba zaka samu damar tura ƙafar inji ciki, wato kusa da allon, ba lokacin tashi, hanci zai yi sama ka daina ganin gabanka. Tsayinsa ya bi ƙafar injin, gajeriya inci 15, doguwa inci 20. Na fi son mai 20 saboda in ka saki wuta farat ɗaya ruwan da ke biye da kai baya samun hanyar faɗowa ciki. Ka yi masa ɗan akwatin tare ruwa a gaban inji, ka ɗaure allon da ƙasa da gefuna da maƙalai masu kusurwa uku, sannan dogayen katakan ciki da ke bin tsawon ƙasa su zo su dafe shi. Ƙasan da ke motsi in ruwa ya buge shi siffarsa canzawa take a kan gudu, duk wahalar da ka sha a mataki na 3 ta tashi a banza.

Kan girman inji, dokar Amurka ta jiragen da ba su kai ƙafa 20 ba tana da lissafi mai amfani ko a ina kake. Tsawon jirgi sau faɗin allon baya a inda ya fi faɗi, duk a ƙafa. Namu kusan 16 sau 5.25, ya ba da 84. In akwai sitiyari a gaba da allo mai inci 20, ka ninka biyu ka cire 90, ya zama 78, a cike zuwa doki 80. In da hannun inji kake tuƙi, sau 0.8 a cire 25, wajen 45. In kuma da hannun injin kake tuƙi sannan ƙasan shimfiɗaɗɗe ne mai kaifin gefe, rabi a cire 15, wajen 30. Wannan iyaka ce ta sama, ba abin da ake so ka kai ba, kuma ka duba dokar ƙasarku.

8. Inda nauyi ya taru

Jirgi mai hawa ruwa ya fi tafiya da sauƙi in hancinsa ya ɗaga da kamar digiri 3 zuwa 5, binciken da Daniel Savitsky ya wallafa a 1964 wanda har yau masu zane ke aiki da shi a nan ya nuna turjiya ta fi raguwa. Abin da ke kawo wannan shi ne tsakiyar nauyi ta faɗo wajen kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na layin ruwa in ka auno daga baya. A namu mita 1.5 zuwa 1.7 kenan.

Lissafin ba wuya, nauyin kowane abu sau nisansa daga allon baya, ka tara, ka raba da jimlar nauyi. Ganga 220 a mita 1.9, inji 100 a bayan allo da 0.2 (shi cirewa ake), mutum biyu a 1.6, tanki a 0.6, batir a 0.5, amsa ta fito mita 1.30. Ya yi baya da yawa, wannan jirgin zai sha wuyar tashi kuma zai yi gyaɗa kai. Na mai da tanki 2.4, batir 2.0, kujeru 1.9, sai ta dawo 1.52. Kaga ba a taɓa ganga ba an gyara jirgi. Shi yasa nake cewa kar ka manne kujeru da wurin tanki sai bayan gwajin farko, ɗaure su da sukuru na wucin gadi.

In kana so ka san tsakiyar nauyin gangar da gaske, ɗora ta a kan bututun ƙarfe a gicciye ka dinga turawa har ta tsaya ba ta rinjaya gaba ko baya ba. Nauyi kuma ya zauna ƙasa-ƙasa, kujera mai tsawo a ƙaramin jirgi haɗari ce. Farfela mai juyawa dama tana karkata jirgi hagu, shi yasa ake sa mazaunin direba a dama. Ka cusa soso mai rufaffen ƙwaya wanda baya shan ruwa a ƙarƙashin kujeru da gefuna sama-sama, yadda ko ya cika da ruwa zai yi iyo a daidai.

9. Gwaji a ruwa

Ruwa kwance, ba jama'a, rigar ceto a jikinka a ɗaure, igiyar kashe inji a maƙale da kai, wani jirgin kuma na kusa. Faifan da ke saman farfela ya yi daidai da ƙasan jirgi a karon farko. Tura ƙafar inji ciki, ka ba da wuta har ya hau ruwa, ka tsaya a rabin wuta ka saurara. Yi kwana mai faɗi dama da hagu, sannan ka ƙara wuta kaɗan ka sake. Kar ka kai ƙarshen wuta a ranar farko. Waya mai GPS ta ishe ka ganin gudu, ka rubuta komai, kuma abu ɗaya zaka canza kafin kowane zagaye, in ka canza uku ba zaka san wanne ya yi aiki ba.

In yana gyaɗa kai, fara da mai da ƙafar inji ciki, in bai daina ba matso da nauyi gaba, in har yanzu yana yi fito da shi ka ɗora ƙarfe ka nemi doro. Faifan danna hanci da ake ɗaurawa a allon baya suna maganinsa, amma ka fara neman sanadin.

In hanci na nutso, feshi na fitowa tun daga gaba, sitiyari na fizga, nauyi ya yi gaba ko ƙafar inji ta shige ciki da yawa ko akwai lotsawa.

In ya fara rangaji dama da hagu a babban gudu kuma yana ƙaruwa, wannan shi ya fi kowanne haɗari. Rage wuta a hankali, kar ka saki gaba ɗaya, ka mai da ƙafar inji ciki. Daga nan ka duba ko sitiyari na da lako-lako, ko injin ya yi sama da yawa, ko ƙusoshin da suka riƙe shi sun saki. In duk lafiya suke, toh gangar ta kai iyakar gudunta kenan, ka tsaya ƙasa da wurin.

In inji na ihu a kwana gudu na raguwa, farfela ce ke shan iska, sauke injin rami ɗaya a maɗaurinsa na allon baya ko ka duba abin da ke gabanta a ƙasan jirgi. Sai ka duba juyin inji a cikakkiyar wuta ya faɗa cikin abin da kamfanin ya rubuta a littafinsa, yawancinsu tsakanin 5000 da 6000 ne a minti. Canza murɗin farfela da inci ɗaya yana sauya juyin da wajen 150 zuwa 200.

Bayan gwajin ka ɗaga katakon daɓe ka bi duk mahaɗai da tocila kana neman farin layin tsagewa, musamman a maƙalan allon baya da kashi ɗaya cikin uku na gaba inda ruwa ya fi duka. In zaka ajiye shi a tirela, katakan da yake kwance a kai su kai har ƙarƙashin allon baya su ɗan wuce, in suka tsaya kafin nan nauyin inji zai dinga danna bakin a hankali har lotsawar da ka kore ta dawo.